Yadda zaka gane inda iska take sakin bayan motarka, da zaren saƙa da salatef kawai

Duk wanda yake tuƙa Golf ko Sharon ko Hiace a lokacin hunturu ya san abin da zan faɗa, ka wanke mota tas da safe ka hau hanya ka yi tafiyar awa ɗaya, in ka fito ka zagaya zaka ga gaba da gefe babu laifi amma gilashin baya ya yi futu-futu da ƙura kamar an watsa masa gari, alhali abokinka mai Corolla ko Camry da kuka biyo hanya ɗaya nasa gilashin bai kai naka datti ba. Shi yasa ma kamfani ya sa wa motarka waifa a baya shi kuma ba a sa wa tasa ba. Wannan ƙurar ba a banza take taruwa a wurin ba, tana nuna maka daidai inda iska ta saki jikin motar ne, kuma wurin nan shine yake shan kaso mai tsoka na man da kake ƙonawa in ka hau babban titi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, ni kuma abin da yake damuna shine yadda nake ganin samari suna zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka su sayo sifoila, wato fiffiken nan na bayan mota, su huda but su ɗaura, ba tare da sun san ko iska ma tana isa wurin ba. To ga yadda zaka duba da kanka kafin ka kashe ko sisi.

Mutane da yawa sun ɗauka hancin mota ne yake faɗa da iska, in hanci ya yi tsini shikenan. A motocin yanzu an riga an gama da gaba, duk an zagaye kusurwoyinsa, matsalar tana baya. Mota in tana gudu tana ture iska ne ta buɗa wa kanta hanya, in ta wuce dole iskar ta dawo ta cike gurbin da ta bari, in bata samu ta dawo a hankali ba sai a samu wani fili a bayan motar da iskar cikinsa take ta juyawa kawai, matsinta ya yi ƙasa, ni ina ce mata matacciyar iska. Gaba ana turo ka, baya kuma babu abin da yake tokare ka, kaga kenan kamar ana tsotso motar ne ta baya. Ɗan acaɓan da ya taɓa maƙalewa a bayan tirela ya san wannan, sai ya ji mashin ya yi sauƙi kamar ana jan sa (kar wanda ya gwada dan Allah, rayuka da yawa sun tafi a haka).

Kuma abin yana ninkuwa da gudu. Ka ɗauki ƙaramar mota mai faɗin fuska kamar murabba'in mita 2.1, lambar santsinta a iska, wadda injiniyoyi suke rubutawa Cd (in lambar ta yi ƙasa iska bata riƙe motar sosai), ta kasance 0.30. A kilomita 50 a awa iska tana riƙe ta da ƙarfin da bai wuce nauyin kilo 7 da rabi ba, a kilomita 100 ya zama kusan kilo 30, a 120 ya haura kilo 40. Ka ninka gudu sau 2 turjiyar ta ninku sau 4. Saboda haka in kai duk zirga-zirgarka cikin gari ce, daga gida zuwa kasuwa cikin goslo, gaskiya wannan bayanin ba zai rage maka mai ba, ka karanta don ilimi kawai. Amma mai bin Kano zuwa Kaduna ko Maraɗi zuwa Yamai duk sati, wannan naka ne.

Yanzu me yake sa iska ta saki jiki? Ka tuna in kana tsiyaya shayi daga buta a hankali, wani lokaci maimakon ya zuba a kofi sai ya bi bakin butar ya gangaro ta jikinta. Iska ma haka take, tana son bin jikin abu ko da ya lanƙwasa. Sai dai iskar da take goga da jikin mota tun daga bonet, ta hau gilashin gaba, ta bi rufi, kafin ta iso baya ta riga ta gaji, siririyar shimfiɗar da take manne da fenti gudunta ya ragu saboda gogayya. A gangaren baya kuma matsi ƙaruwa yake yi, wato kamar ka ce wa wanda ya gaji ya hau tudu. In tudun mai sauƙi ne zai lallaɓa ya hau, in ya yi tsaye da yawa sai ya tsaya, har ma ya fara komawa baya. Inda iskar ta tsaya ta fara juyowa, nan ne ta saki mota, daga nan zuwa ƙarshe duk matacciyar iska ce, ita ce take ɗebo ƙurar da tayoyi suka tayar ta dawo da ita ta shafa maka a gilashi.

Abin da yafi ɗaure kai shine ba wai kullum gangare mai sauƙi yafi kyau, mai tsaye yafi muni, a jere haka ba. Akwai wani rami a tsakiya. A shekarun 1970 injiniyoyin Volkswagen, cikinsu har da Wolf-Heinrich Hucho, sun lura cewa in suna ƙara gangaren baya a hankali turjiya tana hawa tana hawa, ta kai ƙololuwa wajen digiri 30 daga kwance, da an wuce nan kuma sai ta faɗo lokaci ɗaya. Thomas Morel a kamfanin General Motors na Amurka shima ya ga irin haka a 1978. Amma gwajin da kowa yake kafa hujja da shi har yau shine na 1984, wanda S. R. Ahmed da abokan aikinsa Ramm da Faltin suka yi a cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus. Sun ƙera wani abu kamar akwati mai zagayayyen gaba, babu taya babu madubi, tsawonsa milimita 1044, faɗi 389, tsayi 288, sai suka riƙa canza masa gangaren baya kawai suna aunawa a cikin ramin gwajin iska, wato wurin da ake hura wa abu iska da fanka a auna yadda take riƙe shi. Har yanzu sunan Ahmed ake kiran akwatin da shi, ɗaliban injiniya a ko'ina da shi suke gwada lissafinsu na kwamfuta.

Ga abin da suka samu. In baya a yanke yake tsaye babu gangare ko kaɗan, Cd tana wajen 0.25. In aka ba shi gangaren digiri 12 da rabi sai ta sauka zuwa wajen 0.23, nan ne mafi kyau, iska tana bin gangaren lafiya lau har ƙarshe, filin matacciyar iska ya ragu. Daga nan kuma sai ta fara hawa, a digiri 30 ta kai kusan 0.38, wato ta ƙaru da fiye da rabi akan mafi kyawun, daga canza kusurwa kawai fa, ba a taɓa komai ba. Ana ɗan gota 30 sai ta faɗo ta dawo wajen 0.26.

Dalilin kuwa guguwa ce, guguwa guda biyu. Tsakanin digiri 12 da rabi zuwa 30, matsin da yake kan gangaren yana yin ƙasa fiye da na gefen mota, sai iskar gefe ta riƙa tsallako gefunan gilashin baya ta dama da ta hagu tana nannaɗewa, ta zama guguwa biyu a kwance suna bin motar a baya kamar igiya. Su waɗannan guguwoyin suna danno iskar rufi ƙasa suna tilasta mata ta ci gaba da bin gangaren da ya fi ƙarfinta, in ka duba sai ka ce ai iska a manne take komai lafiya, amma tsotson da suke yi a kan gilashin yana jan motar baya yana kuma ɗaga ta sama, ga shi ƙarfin da ake kashewa wajen juya su daga tankinka yake fitowa. Da gangare ya wuce 30 sai guguwoyin su kasa, su watse, iska ta saki tun daga bakin rufi, motar ta koma tana aiki kamar mai yankakken baya. To kaga zaɓi biyu ne masu kyau, ko dai ka bi da iska a hankali, ko ka yanke mata hanya tsaf ta tafi abinta. Tsakiyar nan, kamar daga 25 zuwa 30 da 'yan kai, ita ce ake gudu. A motar gaske da take da zagayayyun gefuna lambar takan ɗan matsa gaba ko baya, shi yasa awon kusurwa kaɗai baya isa sai an haɗa da zare.

Mu fara da awon. Ka ajiye mota a wuri mai shimfiɗe sosai, kamar dandamalin gidan mai ko garejin da aka yi wa siminti, ka tabbata iskar tayoyi daidai take kuma babu lodi a but. Ana auna kusurwar ne daga kwance, wato rufin mota kusan 0 ne, bango kuma 90, ka riƙe wannan da kyau don wasu daga tsaye suke lissafi sai lambobin su juye musu. Hanya mafi sauƙi ka sauke manhajar awon kusurwa a waya, ka fara ɗora wayar a ƙasa ka ga ko tana nuna 0, sannan ka kwantar da ita a tsakiyar gilashin baya. Ka auna wuri uku, sama kusa da rufi, tsakiya, da ƙasa, domin gilashin a lanƙwashe yake ba lamba ɗaya zai baka ba.

In babu waya mai wannan, tef ɗin awo da katako miƙaƙƙe da ma'aunin nan na magina mai ruwa a ciki sun wadatar. Ka ɗora kan katakon a inda rufi ya ƙare, ka miƙe shi baya a kwance daidai, ka auna santimita 50 a jikinsa, daga nan ka sauke tef tsaye zuwa jikin gilashi. In ka samu santimita 9 digiri 10 kenan, 11 wajen 12 da rabi, 13 da ɗan ɗoriya 15, 18 digiri 20, 23 digiri 25, 29 shine 30 ɗin da ake tsoro, 35 digiri 35, in kuma 50 ka samu to 45 ne cif.

Masu salun irin Corolla, Camry, Accord, ko tsohuwar Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ku naku lissafin ya ɗan bambanta, domin bayan gilashi akwai murfin but a kwance. Iska takan saki a saman gilashi, ta tsallake kwanar da gilashi ya haɗu da but, ta sake sauka a kan murfin kafin ƙarshe, in but ɗin yana da tsawo da tsayin da zai tare ta. Don haka ku ɗaura zare daga ƙarshen rufi zuwa bakin but na can baya ku ja shi ya miƙe, kusurwar wannan zaren ita ce iska take gani. Shi yasa in ka lura motocin salun na yanzu duk but ɗinsu ya yi sama kuma gajere, gilashi ya kwanta sosai, ba ado kawai bane. Audi 100 ta 1982 da ta zo da Cd 0.30 tana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya wannan hanyar.

Sai gwajin zaren, wanda shine zuciyar aikin. Ka sayi zaren saƙa irin wanda mata suke saƙa hula da safar jarirai da shi, mai laushi mara nauyi, kalar da zata fito a jikin motarka, fari ko ja a kan gilashi mai duhu. Ka yayyanka shi kamar santimita 7 ko 8, guda 60 zuwa 80 zasu isa. Salatef kuma ka nemi na takarda irin na masu fentin mota, kar ka sa mai ƙyalli na ɗaure kwali domin in rana ta buge shi gam ɗinsa yana narkewa ya ɓata fenti. Ka goge wurin tas ya bushe, in akwai ƙura salatef ba zai kama ba, kana hawa titi zasu fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ka manna kan zaren ta ɓangaren gaban mota, jelarsa a sake tana kallon baya. Layi-layi zaka yi, tazarar santimita 10 zuwa 12 tsakanin kowanne don kar su sarƙe da juna. Kar ka fara daga gilashi, ka faro daga kan rufi kamar rabin mita kafin ƙarshensa, saboda kana buƙatar ka ga yadda zare yake in iska tana manne sannan ka iya gane inda ta canza. Ka gangaro gilashi, murfin but, har bakinsa, ka kuma sa layi biyu a ginshiƙin gefen gilashin baya da kan kafaɗar mota, nan ne guguwoyin suke tasowa kuma yawancin mutane suna mantawa da wurin. Rabin mota ya isa, dama ko hagu, ɗaya rabin ka bar shi don ka riƙa ganin baya ta madubi. In kana da kariyar ɗora kaya a rufi ka cire ta, gilasai duk a rufe.

Mutum uku ake buƙata da mota biyu, kai kana tuƙa taka, wani yana tuƙa ta biyu, na uku yana zaune a gefensa da waya yana ɗaukar bidiyo. Direba baya ɗaukar hoto, wannan ba abin tattaunawa bane. Ku zaɓi titi miƙaƙƙe mai hannu biyu wanda babu cunkoso, da sassafe bayan asuba in gari ya waye kafin iska ta taso, domin iskar gefe tana karkatar da zaren duka ta baka labarin ƙarya, a tsakiyar hunturu da iska take kaɗawa tun safe gara ka jira ranar da ta lafa. Gudun kilomita 70 zuwa 80 ya wadatar, ba sai ka taka 120 ba, yanayin yadda iska take bi ba ya canzawa sosai tsakaninsu. Motar da take ɗauka ta tsaya a ɗaya layin, baya kaɗan ta gefe, kar ta manne maka a gindi, haɗari ne kuma tana ɓata iskar da ake son gani. Ku ɗauka a tafiya ku ɗauka a dawowa, in wayar tana da ɗaukar nan mai rage saurin bidiyo ku sa shi.

Karanta sakamakon ba wuya. Zaren da ya kwanta ya miƙe baya kamar an goge shi da dutsen guga, iska tana manne a nan. Wanda ya kwanta amma jelarsa tana karkarwa, iskar ta gaji tana dab da saki. Wanda yake tashi tsaye, yana wulwulawa, ko ya juyo yana kallon gaban mota yana hawa gilashi sama, to nan an riga an rabu. Ka tsayar da bidiyon ka ja layi tsakanin masu kwanciya da masu hauka, layin nan shine abin da ka fito nema. In kuma ka ga na tsakiyar gilashi a kwance amma na gefe sun karkace a kaikaice sun nufi bakin gilashi suna rawa da ƙarfi, ga kuma awonka ya nuna ashirin da wani abu, to guguwoyin nan ne suke aiki.

Ranar da na fara yi a Golf 3, zaren rufi duk sun kwanta lafiya har bakin ƙarshe, ana sauka gilashi kuwa babu guda ɗaya da ya nutsu, wasu ma sama suke nunawa. Da farko na ɗauka matsala ce, ashe haka aka tsara ta, gangarenta ya wuce wurin haɗarin nesa, iska tana saki a baki ɗaya tsaf. Irin wannan motar, da Sharon da Sienna da Hiace da duk mai tsayayyen baya, ba zaka taɓa sa iska ta bi gilashinsu ba, kar ma ka wahalar da kanka. Abin da zaka iya shine ka rage girman matacciyar iskar, ta hanyar ƙara wa rufi ɗan tsawo a baya, ya sunkuya ƙasa kaɗan kamar digiri 10 zuwa 15, bakinsa ya ƙare da kaifi ba a zagaye ba. Ɗan hular nan da kake gani a saman gilashin bayan motocin zamani aikinta kenan. Haka ma faifan da ake sa wa bayan tireloli a Amurka da Turai, masu lanƙwasowa ciki ta sama da gefe, kusurwarsu a wannan tsakanin take.

Wannan tunanin na yanke baya ba sabo bane. A shekarun 1930 a Jamus, Wunibald Kamm a Stuttgart da Reinhard von Koenig-Fachsenfeld sun nuna cewa ba dole sai mota ta yi doguwar jela kamar kifi ba, ka fara tsuke jikin a hankali, in ya ragu zuwa wajen rabi sai ka datse shi, asarar kaɗan ce. Ka kalli Prius ta gefe zaka ga haka ƙarara, rufi yana gangarowa sannu a hankali sai kuma a yanke shi tsaye, ta 2003 tana da Cd 0.26, Honda Insight ta 1999 kuma 0.25. Mai irin wannan motar ni shawarata kar ya taɓa mata komai a baya, duk abin da zai ƙara ɓatawa zai yi.

Waɗanda gyara zai fi yi wa amfani sune masu salun da zarensu ya nuna iska bata dawowa kan but, da masu zagayayyen baya. Zagayayyen baya yana da kyau a ido amma iska bata samun takamaiman wurin saki, tana bin lanƙwasar tana tsotso bayan motar sama. Audi TT ta farko da ta fito a 1998 misali ce da kowa ya sani, an yi ta samun haɗura da ita a gudu mai tsanani, sama da kilomita 180, har kamfanin ya janye motocin a ƙarshen 1999 zuwa farkon 2000 ya ƙara musu ɗan leɓe a baya, ya gyara ƙafafu, ya sa na'urar daidaita mota. Porsche ma tun 1972 ta sa wa 911 Carrera RS ɗan leɓen nan da ake kira jelar agwagwa saboda rage ɗagawar baya. Leɓe ƙarami a bakin but yana tare iska kaɗan, matsi ya ƙaru a gabansa a kan murfi da gilashi, sannan ya ba ta kaifin da zata saki a kai. Shi kuma babban fiffiken nan mai ƙafafu biyu wani abu ne daban, aikinsa danna mota ƙasa a filin tsere kuma da turjiya ake biyan kuɗinsa, sannan sai yana cikin iska mai gudu yake aiki. In zarenka ya nuna kan but ɗinka matacciyar iska ce, fiffiken da ka ɗaura a wurin nauyi ne kawai da ramuka huɗu da ruwan sama zai bi ya tsatsar da murfin.

Kafin ka je wurin mai gyaran bodi, ka yi gwaji da kwali. Ka samu kwali mai kauri, ka yanka leɓe mai tsayin santimita 2 ko 3, ka manna shi da salatef sosai ta gaba da ta baya yadda ba zai tashi ya faɗa wa na bayanka ba, kar ya rufe fitilar birki ko lamba. Ka mayar da zaren ka sake ɗauka, sannan ka gwada mai 5, ka gwada matso da shi. Abin da kake nema shine zaren da suke hauka a ƙasan gilashi da kan but su ragu, layin rabuwa ya matsa baya. Wanda yafi kyau shi zaka kai a yi maka da roba ko faiba, a manna da tef mai gam biyu na mota ba tare da huji ba.

Akwai kuma 'yan ƙayoyin nan da ake jerawa a ƙarshen rufi kamar ƙayar kifi. Suna aiki, amma kaɗan, suna haɗa iska mai ƙarfi ta sama da gajiyayyar ta ƙasa don ta ƙara jurewa. Mitsubishi ta sa su a Lancer Evolution VIII, kuma bayan duk binciken da injiniyoyinta suka yi abin da suka rage a Cd 0.006 ne kacal. Wurinsu dab da gaban layin rabuwa ne a motar salun, a kan Golf ko Sharon babu abin da zasu tsinana. Ƙarƙashin mota ma yana da nasa gangaren, daga bayan tayoyin baya zuwa bamba, in za a rufe shi da faifai ya riƙa hawa sama a hankali, digiri 7 zuwa 10, kar ya wuce. A hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu ni dai abin da nake cewa ka fara duba ko robobin ƙarƙashi na asali suna nan, da yawa makanikai in sun kwance basa mayarwa, kuma ka bar wa salansa fili kar wani abu ya taɓa ta.

In kana son ka tabbatar da lamba, mai giyar hannu zai iya gwajin sakin mota. A titi ɗaya, lodi ɗaya, iskar taya ɗaya, ka kai 90 ka sa firi, na gefenka ya danna agogon waya har maleji ya sauko 60, in lokacin ya ƙara tsawo to turjiya ta ragu. Kar ka kashe inji ko da wasa, birki da sitiyari zasu yi tauri. Sau uku tafiya sau uku dawowa babu kwali, haka da kwali, sannan ka cire ka maimaita na farko, in na farko da na ƙarshe basu yi daidai ba to iska ce ta canza ba kwalinka ba. Kuma ka sa a ranka cewa ko ka rage turjiya da kashi 10 cikin 100, wanda babban aiki ne, man da zaka rage a babban titi wajen rabin haka ne, tunda tayoyi da inji suma suna cin nasu. Saukowa daga 120 zuwa 100 yafi duk wani leɓe tasiri.

Masu Hilux da suke buɗe ƙofar baya wai don iska ta wuce, ku bar ta a rufe. Gwaje-gwajen ramin iska sun nuna a rufen turjiya tafi ƙanƙanta, domin iska tana yin wata dunƙulalliyar guguwa a cikin bodin, ta sama kuma ta bi ta kanta ta wuce kamar gangare, shi yasa zaka ga leda tana ta zagaye a bayan a-kori-kura ta ƙi fita.

Sai maganar direbobin haya da suke cika but da buhuna su ɗaure murfin a buɗe da igiya, har wani lokaci a zaunar da yara a wurin. Ban da man da ake asara, ka tuna matacciyar iskar nan da take dawo da ƙura kan gilashi, ita ce dai take dawo da hayaƙin salansa, kuma in but a buɗe yake cikin mota zata tura shi. Gubar da take cikin hayaƙin bata da wari bata da kala, alamarta ciwon kai da jiri da barci, fasinja sai ya ɗauka gajiyar hanya ce. In ya zama dole ka yi tafiya a haka, ka kunna fankar gaba a mafi ƙarfi ka sa ta a kan jawo iskar waje ba mai juya ta ciki ba, kar kowa ya zauna a but, in wani ya ce kansa yana sarawa ka tsaya a gefe kowa ya fito ya sha iska. Haka kuma in robar bakin but ɗinka ta tsage ko ta saki, ka canza ta kafin doguwar tafiya ta gaba.